Kagarun bakin tekun Ingila: ina hannun Sarki Henry na Takwas a ciki?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sarkin Ingila Henry na Takwas ne ya gina jerin kagarun da ke bakin tekun kudancin ƙasarsa don tsoron mamaya. Da gaske ya sa hannu a aikin, ko dai irin abin nan ne da ake cewa sarki ya gina, alhali magina ne suka sha rana? Sannan tunda ba a kawo harin ba, ashe ba asarar dukiya aka yi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, shakkar da ka yi tana da tushe. Sau da yawa a tarihi sarki yana cikin fada a kishingiɗe, wasu su yi zane, wasu su ɗauki dutse, a ƙarshe a rubuta sunansa a bakin ƙofa. Amma a wannan aiki na shekarun 1539 zuwa 1547 takardun zamanin sun nuna Henry ya wuce mai ba da umarni kawai. Shi ya nemo kuɗin, ya je ya duba wasu wuraren da ƙafarsa, kuma zanen ginin yana zuwa gabansa ya gyara kafin a tona harsashi. Ni a ganina ma hannunsa ya fi fitowa fili a kurakuran ginin fiye da kyansa, kuma zan zo kan wannan.

Sai dai ka fara sanin yadda abin yake kafin shi. Sarakunan Ingila na da ba su ɗauki tsaron bakin teku a matsayin nauyin fada ba. Garin da ke bakin ruwa shi ke kare kansa, ko kuma hakimin yankin ya kare shi. In Faransawa suka zo cikin jirage suka ƙone gari, kamar yadda suka yi wa Southampton a 1338 da Rye a 1377, mutanen garin ne za su tara kuɗi su ɗaga bango. Mutanen Dartmouth, alal misali, su suka fara gina hasumiyar igwa a bakin koginsu a 1481, sarki ya tallafa musu da ɗan abin da ya samu. Portsmouth na cikin 'yan wuraren da za a ce fada ta ɗan kula da su, saboda nan jiragen yaƙin sarki suke tsayawa. Hankalin sarakuna yana kan iyakar Sikotilan da kuma garin Calais da suke riƙe da shi a tsallaken ruwa. Dalilin wannan sakaci a bayyane yake: manyan ƙasashen Turai biyu, Faransa da daular gidan Habsburg, kullum suna cikin yaƙi da juna, kowacce tana zawarcin Ingila. Muddin suna faɗa, babu mai sararin haɗa rundunar da za ta ƙetara teku.

Henry da kansa ya rushe wannan kwanciyar hankali. Ya rabu da matarsa Catherine ta Aragon, wadda ƙanwar mahaifiyar Sarki Charles na Biyar ce, mai mulkin Sifaniya da Holan da daular Jamus. Ya auri Anne Boleyn a 1533, a 1534 kuma majalisa ta ayyana shi shugaban cocin Ingila, aka yanke igiya da Fafaroma. Shekaru huɗu abin bai zama barazanar yaƙi ba, domin Charles da Sarkin Faransa Francis na Ɗaya ba sa ga maciji. Sai a watan Yunin 1538 Fafaroma Paul na Uku ya sasanta su a birnin Nice, suka ƙulla tsagaita wuta ta shekara goma. A Disambar wannan shekara ya fitar da hukuncin korar Henry daga coci, hukuncin da ke nufin talakawansa sun warware daga yi masa biyayya. A Janairun 1539 sarakunan biyu suka yi alkawari a Toledo cewa babu wanda zai ƙulla wani abu da Ingila sai da yardar ɗayan. Aka kuma tura Kadinal Reginald Pole, Bature ɗan Ingila mai jinin sarauta, ya zaga fadodin Turai yana neman a ɗauki mataki.

Akwai tsoro na biyu da masu ba da labarin kagarun suke yawan tsallakewa. A 1536 arewacin Ingila ta yi bore saboda rufe gidajen zuhudun cocin Katolika, dubban mutane suka ɗauki makami, har garin Hull ya faɗa hannunsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Henry ya san bangonsa a tsage yake. Shi ya sa a ƙarshen 1538 aka kama 'yan'uwan Pole da Henry Courtenay, babban mai sarautar yammacin ƙasar, aka fille kan Courtenay da yayan Kadinal ɗin. Ka riƙe wannan a ranka, domin wasu kagarun an gina su ido ɗaya yana kan teku, ɗaya yana kan mutanen gari.

A farkon 1539 aka shiga aiki gadan-gadan. Thomas Cromwell, wazirin sarki a aikace, ya aika manyan mutane su bi gaɓar teku su rubuto duk inda jirgi zai iya sauke sojoji. Aka zana taswirori, wasunsu suna nan har yau a babban ɗakin karatu na Landan, ana ganin inda aka nuna hasumiyar da ke akwai da wadda ake son ginawa. Aka gyara wuraren kunna wutar gargaɗi a kan duwatsu, aka ƙirga mazan da za su iya riƙe makami a kowace gunduma. Ranar 8 ga Mayu kimanin mutum 15,000 na birnin Landan suka yi jerin gwano da makamansu a gaban sarki. Edward Hall, wanda ya rayu a lokacin ya kuma rubuta tarihin mulkin, ya ce sarki da kansa ya yi tafiye-tafiye masu wahala zuwa bakin teku don ganin aikin. Umarnin da ya fito daga fada shi ake kira “Device”, wato tsari ko dabara, kuma daga nan sunan kagarun, “Device Forts”, ya samo asali.

Kada ka zana hoton ganuwar Kano ko ta Zariya a zuciyarka, wadda take kewaye gari. Henry bai yi yunƙurin katange ƙasa ba, ba zai yiwu ba ma. Abin da aka lura da shi shi ne, mai mamaya yana bukatar wurin da jiragensa za su tsaya lafiya kwana da kwanaki yana sauke dawaki da igogi da abinci. Irin waɗannan wurare ba su da yawa, to su aka tsare. Bakin kogin Thames, hanyar shiga Landan, aka sa masa ƙananan kagaru biyar a Tilbury da Gravesend da kewayensu. Mashigin Solent da ke kaiwa Southampton da Portsmouth aka sa masa Calshot da Hurst da biyu a Cowes. Portland da Sandsfoot suka fuskanci juna a Dorset, Pendennis da St Mawes suka kama bakin kogin Fal a can ƙuryar yamma. Sau da yawa biyu-biyu ake yin su, ɗaya a kowane gefe, saboda igwar zamanin ba ta iya rufe faɗin mashigi ita kaɗai.

Wurin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ake kira Downs a gabashin Kent. Wani dogon tudun yashi a cikin teku, Goodwin Sands, yana kare ruwan wurin daga igiya, ga bakin gaɓa shimfiɗaɗɗe mai tsakuwa wanda kwale-kwale zai iya hawa kai tsaye, ga Faransa da Filandas a kusa. Nan aka gina uku a jere, Sandown da Deal da Walmer, aka haɗa su da gwalalo da tudun ƙasa mai tsawon kusan kilomita 4. An fara a Afrilun 1539, kafin ƙarshen 1540 an gama. A ganiyar aikin mutum wajen 1,400 ne ke wurin. Shugabannin aikin, irin su Richard Benese da babban kafinta William Clement da babban magini Christopher Dickenson, daga ginin fadar sarki ta Hampton Court aka ɗebo su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka aikin na wane ne: ma'aikatan gidan sarki ne aka tura bakin teku.

Tunda ka ambaci masu shan rana, bari in ba su haƙƙinsu. Kuɗin Ingila na lokacin shi ne irin wanda iyayenmu suka sani kafin zuwan naira, fam da sule da kwabo. Lebura a Deal kwabo biyar yake samu a yini. A bazarar 1539 suka ajiye aiki suka ce sai an ba su sisi. Sir Edward Ryngeley, wakilin sarki a wurin, ya kama jagororinsu ya kulle, saura suka koma bakin aiki. Da yawansu ma ba da son ransu suka zo ba, domin fada tana da ikon tilasta wa magina da kafintoci barin garuruwansu su zo aikin sarki. Kagarun Downs uku sun ci fam 27,092. In ka auna da kwabo biyar a yini, wannan ladan lebura ɗaya ne na kwana miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Littafin lissafin ginin Sandgate, wanda ya ci fam 5,584, ya tsira har yau, ana ganin abin da aka biya na dutse da farar ƙasa da katako da gawayi, da ladan ma'aikata wata bayan wata. Duka aikin, daga 1539 zuwa mutuwar sarki, ya kai wajen fam 376,000.

Ina aka samo wannan dukiya? Daga gidajen zuhudun cocin Katolika da Henry ya rufe tsakanin 1536 da 1540. Kuɗin shigar waɗannan gidaje ya haura fam dubu ɗari a shekara, aka kafa hukuma ta musamman don karɓarsa. Ba kuɗin kaɗai aka kwasa ba, har gine-ginen aka rushe aka ɗebi dutse da darmar rufi. Dutsen gidan zuhudu na Beaulieu ya shiga bangon Calshot da Cowes, na Meaux ya shiga na Hull. A Deal akwai duwatsu masu sassaƙar ado da ake gani cikin bango, waɗanda asalinsu na ɗakin ibada ne. Wannan abu yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi. Waɗannan gidaje suna ciyar da matalauta, suna saukar da matafiya, suna jinyar marasa lafiya, ko da kuwa wasunsu sun lalace. Rigimar da sarki ya tayar da coci ita ta jawo barazanar, dukiyar cocin kuma ita ta biya kuɗin kariyar, talakan da ke cin abinci a ƙofar gidan zuhudu kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Yanzu ga maganar zane, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Igwa ta riga ta kashe tsohon salon gini mai dogon bango, domin dogon bango abin saiti ne mai sauƙi. Kagarun 1539 gajeru ne, masu kaurin bango, a zagaye. Ɗauki Deal, wadda ta fi kowacce girma: hasumiya a tsakiya, kewaye da ita kumbura shida masu siffar rabin da'ira, a wajensu wasu shida mafi girma kuma mafi ƙasa, sannan busasshen gwalalo mai faɗi. Hawa-hawa suke kamar matakala, ta yadda igogin sama za su yi harbi ta kan na ƙasa, duka a lokaci guda. Akwai gurabun manyan igogi 66, da ramukan bindigar hannu 53 a wani lungu da ya zagaye gindin ginin, don harbin duk wanda ya sauka cikin gwalalo. An lanƙwasa saman bango don harsashi ya goga ya wuce, an bar ramukan fitar hayaƙin albarushi a ɗakunan igwa. Mutane suna cewa an yi siffar ne don ta yi kama da furen da ke tambarin gidan Tudor. Daɗin baki ne kawai, lissafin harbi ne ya haifar da siffar.

Matsalar ita ce a ranar da aka gama su sun riga sun zama tsohon yayi. A Italiya, inda aka sha yaƙin igwa tun 1494, masana gini sun gano cewa bango mai zagaye yana barin wani gurbi a gabansa da babu igwar da ke iya kaiwa daga gefe. Abokin gaba in ya isa nan ya tsira, sai ya zauna ya yi ta haƙa ƙarƙashin bango. Maganin da suka samo shi ne kusurwa mai tsini kamar kan kibiya, wadda kowace fuskarta ana iya share ta da harbi daga maƙwabciyarta. Henry ya yanke hulɗa da Rum, ƙwararrun Italiya ba su cika fadarsa ba a 1539, shi kuma abin da ya sani na arewacin Turai ne, irin wanda ya gani a yaƙinsa na Faransa a 1513. Baƙon injiniyan da ya samu, Stefan von Haschenperg daga Moravia, ya yi aiki a Sandgate da Camber da Carlisle, a 1543 aka sallame shi bisa zargin ya ɓarnatar da kuɗi ba tare da sakamako ba. Camber kuwa sai da aka sake mata fasali kusan gaba ɗaya a 1542 zuwa 1543, shekara biyu kacal da gama ta.

Abin da ya sa nake ganin hannun mutum ɗaya a nan shi ne kamannin da ke tsakanin gine-ginen. Daga Kent zuwa Cornwall, magina daban, masu kula daban, dutse daban, amma tunani ɗaya: tara igogi da yawa su fuskanci ruwa, a bar bayan gida da rauni. St Mawes ita ce misali mafi kyau. Ta fi duka ado, an sassaƙa tambarin sarki a jikinta tare da baitocin Latin na yabonsa da John Leland ya tsara, amma an dasa ta a gindin tudu. Duk wanda ya hau tudun ta baya yana kallon cikinta. A 1646, lokacin yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa, da sojojin majalisa suka zo ta tudu, kwamandanta ya miƙa wuya ba tare da wani faɗa ba, alhali Pendennis da ke kan dutse a tsallake ta jure ƙawanya wata biyar.

Sai dai a yaba masa, ya koya. A 1541 ya je Hull da kansa, ya duba garin, ya ba da umarnin gina sabuwar kagara a gabashin kogin, wadda John Rogers ya jagoranta. Wannan ita ce mai ido biyu da na faɗa maka, tana tsare tashar jirage tana kuma tsare garin da ya buɗe wa 'yan bore ƙofa shekara biyar da suka wuce. Rogers da Richard Lee magina ne 'yan ƙasa da suka taso a aikin sarki har suka zama injiniyoyin yaƙi, kuma wasiƙun zamanin cike suke da maganar zanen da aka aika wa sarki, da wanda ya dawo da gyara. A wannan lokaci ne zane mai ma'auni ya fara bayyana a Ingila, domin mai son yanke hukunci daga fada kan ginin da ke nesa yana bukatar takardar da ba ta ƙarya. Da aka gina Southsea a bakin Portsmouth a 1544, zagaye ya tafi, kusurwa ta zo, gwamnan garin Sir Anthony Knyvett kuma ya rubuta cewa ginin dabarar mai martaba ce da kansa. Ko ka cire kason fadanci daga wannan magana, saura yana da yawa. Yarmouth da ke tsibirin Wight, wadda aka gama a 1547, tana da kusurwar kan kibiya irin ta Italiya sosai.

Kagara ba ta yaƙi sai da igwa da mai harba ta. Sojojin da ke zaune a ciki kaɗan ne, ko a Deal ba su kai arba'in ba, galibinsu maharba igwa masu karɓar sisi a yini daga baitulmalin sarki. In an ga jirage sai a kunna wuta, mazan gunduma su taru su cika wurin. Igogin tagulla suna da tsada, shi ya sa nasarar da aka samu a 1543 a Buxted ta yankin Sussex, inda aka fara zuba igwar baƙin ƙarfe a Ingila, take da muhimmanci ga wannan labari. Haka kuma jiragen yaƙi: Henry ya gaji 'yan ƙalilan daga mahaifinsa, ya bar sama da arba'in.

To, asara ce? Harin 1539 bai zo ba, kuma gaskiya ba kagarun ne suka hana shi ba, domin lokacin da tsoro ya fi tsanani ko harsashinsu ba a gama ba. Charles yana da abin da ya fi Ingila damunsa: rundunar ruwan Daular Usmaniyya ƙarƙashin Barbarossa ta karya ta Kiristoci a Preveza a Satumbar 1538, ga sarakunan Jamus mabiya Luther da suka ɓalle daga cocin Katolika, ga boren birnin Ghent na Filandas. Francis kuma tun a bazarar 1539 ya aiko da sabon jakada Landan, Charles de Marillac, wanda ya riƙa rubuta wa ubangidansa irin shirin da yake gani. Zuwa 1542 sarakunan biyu sun koma yaƙi da juna, a 1543 Henry ya zama abokin ƙawancen Charles.

Amma harin ya zo daga baya. Henry ya ci garin Boulogne na Faransa a Satumbar 1544, Charles ya yi sulhu da Faransa ya bar shi shi kaɗai, a Yulin 1545 kuma Admiral Claude d'Annebault na Faransa ya shigo Solent da jirage sama da 200, fiye da waɗanda Sifaniya ta turo don mamaye Ingila a 1588. Henry yana Portsmouth. Ranar 19 ga wata, daga wajen Southsea, ya ga jirginsa Mary Rose ya karkata ya nutse da ɗaruruwan mutane, waɗanda suka tsira ba su kai arba'in ba. Duk da haka jiragen Ingila suka ja baya cikin ruwa mara zurfi ƙarƙashin inuwar igogin tudu, Faransawa suka ƙi bin su ciki. Sun sauka a tsibirin Wight, sun yi ƙone-ƙone, sun gwabza da mazan tsibirin, kafin ƙarshen wata suka janye. Ba zan ce duwatsu kaɗai suka kore su ba, akwai cuta a jiragensu, akwai rashin sanin hanyar ruwan. Abin da zan tsaya a kai shi ne d'Annebault bai samu matsayar da zai sauke runduna cikin kwanciyar hankali ba, kuma don hana wannan aka yi ginin tun farko.

Inda asara take a fili shi ne baitulmali. Kagarun da yaƙe-yaƙen Faransa da Sikotilan sun cinye dukiyar gidajen zuhudu, aka sayar da mafi yawan filayensu, daga 1544 aka fara rage azurfar da ke cikin kuɗi, farashin kaya ya tashi, Edward ɗan Henry ya gaji bashi. Ba a daɗe da mutuwar Henry a Janairun 1547 ba aka fara kwashe igogi daga wasu ƙananan kagarun saboda babu kuɗin riƙe su.

Teku ma ta yi nata hukuncin. Sandown ta Kent ruwa ya ci gindinta har aka rushe ta a ƙarni na 19. Camber kuwa tsakuwa da yashi suka cike tashar da take tsaro, aka sallami sojojinta a 1637, yau tana tsaye a tsakiyar makiyaya, fiye da kilomita ɗaya daga ruwa. Hurst ta zama wurin tsare Sarkin Ingila Charles na Ɗaya a Disambar 1648, makonni kafin a kashe shi. Walmer ta koma gidan zaman mai sarautar Cinque Ports, wato tashoshin jiragen ruwa na kudu maso gabashin Ingila, a nan Duke na Wellington ya mutu a 1852. Pendennis ta ci gaba da aikin soja har 1956, ta ga yaƙin duniya biyu. In kana son ganin tunanin Henry na 1539 yadda yake, nemi hoton Deal da aka ɗauka daga sama, ka ajiye shi kusa da na Southsea, shekara biyar ce kawai tsakaninsu.